Ciwon dajin hanyar fitsari ya toshe wa Babanmu ciki, likitoci sun ce sai aiki, Baffa ya ce daji ba ya son ƙarfe

Ummu Khalil:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin asibiti da waɗanda suka taɓa jinyar irin wannan ku taimaka min da bayani, wallahi kaina ya kulle, kwana uku kenan rabona da barcin kirki.

Babanmu ne ba lafiya, shekararsa 64, tsohon direban babbar mota ne, ya daɗe yana Kano Legas kafin ya ajiye. Kusan wata biyu kenan da ya fara amai, da farko jefi-jefi sai abin ya koma kullum, kuma ba irin aman zazzaɓi da muka sani ba ne, shi zai ci abincinsa lafiya lau da daddare ya kwanta, sai wajen asuba ko hantsi ya dawo da shi gaba ɗaya, ka ga shinkafar jiya da waken shekaranjiya kamar ba su taɓa shiga ciki ba, ga wani tsami mai hawa kai. Umma ta yi masa kwaɗon zogale ranar Talata, wallahi ranar Alhamis na ga ganyen a cikin roba da idona. In ya gama aman sai ya ce ya ji sakayau har ya nemi abinci, a ba shi, a sake komawa gidan jiya. In ya juya a katifa kana jin cikinsa yana ƙara kamar an girgiza jarka rabin ruwa.

Mu duk mun ɗauka olsa ce tunda dama yana fama da ita, aka yi ta sayen magani a kemis, na ruwa da na haɗiya, shiru. Ya rame ya yi baƙi, zariyar wandonsa sai ya zagaya ta sau biyu. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a bakin masallaci ne muka kwashe shi sai asibiti. An yi sikanin aka ce ƙodarsa ta dama ta kumbura, aka tura mu babban hoto na siti, shi ne suka ce akwai tsiro a bututun da ke ɗauko fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara kuma ya haura wajen kaluluwar bayan ciki. An zura masa kyamara ta baki, likitan ya ce bai ga gyambo ba amma kyamarar ta wuce tumbi kaɗan sai ta kasa zarcewa cikin hanji, wajen ya tsuke. Sun ɗebi tsoka da allura, sakamako ya fito shekaranjiya, wai ciwon daji ne na hanyar fitsari. Sai a ranar Umma take faɗa mana ashe shekara biyu da suka wuce ya yi fitsarin jini, babu zafi babu komai, ya sha maganin tsargiya ya ɗauke, ya dawo bara ya sake ɗaukewa, ya ce kar ta faɗa wa yara.

To ga abin da ya ɗaure min kai. Me ya haɗa hanyar fitsari da tumbi? Anya ba kuskure suka yi ba, ciwo biyu ne daban suka haɗe su? Sannan sun ce za su yi masa aiki su haɗa tumbi da hanji ta wata hanya, amma kuma ba za su cire dajin ba, to meye amfanin a yanka tsoho a bar ciwon a ciki? Baffanmu, yayan Baba, ya ce sam bai yarda ba, daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi zai fantsama, a sallamo shi a koma na gida. Baba kuma ya ce shi duk abin da yayansa ya ce. Yanzu haka yana kwance da roba a hanci da ƙarin ruwa, sun hana shi ko kurɓar ruwa, yana ta roƙona in sa baki a cire masa robar nan. Ni ce babba a mata, yayanmu namiji yana Fatakwal sai dai waya. Dan Allah ku faɗa min gaskiya ko da ɗaci.

Abu Ammar:

Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya Ya sa kaffara ne, Ya ba ku juriyar jinya. 'Yar uwa ku dage da addu'a da sadaka, a riƙa tofa masa Fatiha da falaƙi da nasi safe da yamma. Ni shawarata kar ku yi gaggawar aiki, maganar manya ba a raina ta. Ku samu zuma farar saƙa da man habbatussauda da zamzam ku riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, aman kuma a jiƙa jar kanwa a ba shi ruwan, kakarmu da shi take tsayar da tashin zuciya kuma muna ganin amfaninsa. Allah Shi ne mai warkarwa.

Anti Nas:

Malam Abu Ammar Allah Ya saka da alheri, addu'a da tofi kam a ci gaba babu mai hanawa, mu ma a wad, ɗakin kwantar da marasa lafiya, muna yi wa majinyatanmu. Amma maganar kanwa dan girman Allah kar a ba shi, ko kurɓi ɗaya. Mai irin wannan aman ruwan tsamin cikinsa yake zubarwa kullum, jininsa ya riga ya karkata ya yi kanwa-kanwa da kansa, gishirin jikinsa musamman fotasiyam ya yi ƙasa, in ka ƙara masa kanwa ka ƙara tura shi inda ake ƙoƙarin janyo shi ne, kuma zuciya ce take fara jin jiki. Zumar ma ina za ta bi? Ƙofa a rufe take, duk abin da aka zuba taruwa zai yi a tumbi.

Ummu Khalil ƙanwata, shekarata goma sha a ɓangaren maza na tiyata, bari in yi miki maganar robar hancin nan don na san ita ce take karya zuciyar masu jinya. Ko mutum bai ci komai ba tumbinsa yana tsatso ruwa wajen lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, ga yawun da yake haɗiya, a mai lafiya duk wucewa suke hanji ya tsotse abinsa. Shi Baba ba sa wucewa. Robar ita ce take kwashe su. Ki duba jakar da ke rataye a gefen gadon da safe kafin a zubar, ki karanta lambar da ruwan ya kai, wannan duka da a cikinsa zai kwana. Haɗarin da muka fi tsoro shi ne tsoho mara ƙarfi ya yi amai yana kwance cikin barci ya shaƙe, ruwan ya faɗa huhu, na ga wanda hakan ta same shi bayan 'ya'yansa sun lallaɓa sun zare robar da dare don tausayi, ciwon da ya kawo shi daban, abin da ya kai shi ɗakin kulawa ta musamman daban. Kar ki bari a zare.

Abin da za ki iya yi masa ya ji sauƙi, ki ɗaga masa kan gadon ya zama kamar a kishingiɗe yake, ki riƙa jiƙa auduga ko tsumma mai tsabta kina goga masa a leɓe da harshe, ya kurkure baki ya tofar, ki shafa masa man baselin a leɓe da bakin hancin inda robar take gogarsa, in filastar ta ja hancin sama ki ce wa nas ta sake ɗaurawa. Ƙishin da yake ji yawanci bushewar baki ne, ruwan jikinsa ta jijiya yake shiga. Ki kuma sa ido a kan fitsarinsa, in kika ga ya ragu sosai ko ya fara sambatu ko hannunsa na ƙanƙamewa, kar ki jira zagayen safe, ki kira a take. Kuma dan Allah ku kula da 'yan dubiya, su ne masu shigowa da jiƙo a gorar ruwa a ƙarƙashin hijabi.

Likitan Tiyata:

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah Ya ba Baba lafiya. Bari in zauna in yi miki bayani yadda za ki iya maimaita wa Baffa, don na lura matsalarku biyu ce, ta cikin Baba da ta cikin gida.

Ba kuskure suka yi ba. Gaskiya ne ba kasafai ake ganin haka ba, mu in mutum ya zo da toshewar mafitar tumbi abin da muke fara zargi tsohuwar olsa ce da ta warke ta bar tabo ya tsuke hanya, ko dajin tumbin kansa, ko dajin wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi da muke kira fankiriyas. Amma na hanyar fitsari ma yana yi, kuma dalilin maƙwabtaka ne. Abinci in ya bar tumbi yana faɗawa farkon ƙaramin hanji, wani yanki mai tsawon kamar santimita 25 da ya lanƙwashe kamar lauje. Shi wannan laujen ba ya yawo a ciki kamar sauran hanjin da kike gani in an feɗe akuya, manne yake da bangon baya, kuma daidai nan ƙodar dama take kwance a bayansa, bututun fitsarin dama ma ta bayansa yake bi ya gangara mafitsara. Katanga ɗaya ce tsakaninsu. To in tsiro ya tashi a wannan bututun ya girma, ko ya haura kaluluwar da ke jere a wajen suka kumbura suka yi tauri, sai su danne hanjin daga waje, kamar mutum ya taka tiyo ana ban ruwa, tiyon bai huje ba amma ruwa ba ya wucewa. Shi ya sa mai kyamara bai ga gyambo ba, ciwon ba a cikin hanjin yake ba, a bayansa yake yana matse shi. Kumburin ƙodar ma tsiron ne ya tare fitsari ya taru a sama. Ciwo ɗaya ne ya toshe hanya biyu.

Irin wannan dajin yana tasowa ne daga fatar da ta shimfiɗe cikin hanyar fitsari tun daga kwarin ƙoda har mafitsara. Mafi yawansa a mafitsara yake fitowa, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne kawai yake fitowa a sama, a ƙoda ko bututu, kuma na saman ya fi saurin ɓullewa waje saboda bangon bututun siriri ne.

Yanzu maganar aiki. Zan faɗa miki kamar yadda kika nema, aikin nan ba zai warkar da dajin ba, kuma likitocinku ba su ɓoye muku ba. Da an kama shi tun yana cikin bututu, aikin da ake yi shi ne a cire ƙodar da bututun gaba ɗaya har ɗan bakin mafitsara, mutum ya rayu da ƙoda ɗaya. Tunda ya kama kaluluwa ya naɗe hanji, a wajen da manyan jijiyoyin jini suke, cire shi yanzu ba zai yiwu ba, maganinsa ya koma na kemo, wato magungunan daji da ake ɗaurawa ta jijiya. Amma abin da yake neman kayar da Baba a makonnin nan ba dajin ba ne kai tsaye, yunwa ce da ƙishirwa. Mutum ba ya rayuwa a kan ƙarin ruwa, ledar ruwan nan gishiri ne da ɗan sikari, ba ta gina jiki. Ƙodarsa ta dama ta riga ta toshe, ta hagu ce take ɗauke da shi ita kaɗai, duk ranar da ya bushe ita ake duka. Kemon da ake ba masu wannan ciwo, jemsitabin da sisfilatin, duk bayan sati uku, zagaye huɗu zuwa shida, sai da ƙoda mai aiki da jiki mai ɗan ƙwari, in ƙodar ta yi rauni a sauya sisfilatin da kabofilatin. Wanda ba ya iya haɗiyar koko babu likitan da zai ɗaura masa kemo. Kin ga kenan aikin shi ne ƙofar maganin.

Abin da za su yi, za su jawo wani sashe na hanji daga ƙasan inda ya toshe su ɗinke shi a jikin tumbi su buɗe sabuwar ƙofa, abinci ya bi ta nan ya kewaye wajen. Baba direba ne, ki ce masa gada ce ta karye aka yi wa motoci hanyar ratse, zai gane nan take. Wuƙar ba za ta taɓa tsiron ba ma.

Ita kuma maganar daji ba ya son ƙarfe, kar ki yi wa Baffa kallon wanda bai san abin da yake faɗa ba, akwai abin da ya gani. Mutanenmu ba sa zuwa sai ciwo ya ci ya cinye, a buɗe ciki a tarar ya riga ya bazu, bayan sati uku mutum ya rasu, dangi su ce aikin ne ya tayar da shi. Bazuwar ta riga wuƙa zuwa da watanni. A wajen Baba ma hoton ya nuna ta tun kafin kowa ya taɓa shi.

Akwai haɗari, ba zan ce babu ba. Jikin da ya rame ɗinki ba ya saurin kama shi, wani lokaci tumbin da ya daɗe a buɗe kamar buhu yakan yi kwanaki bai fara turawa ba ko bayan aikin, sai an yi haƙuri da robar hanci. Shi ya sa ba sa gaggawar shiga da shi, sai sun gyara gishirin jini, sun wanke tumbin, in jini ya yi ƙasa su ƙara. Ki tambaye su abu biyu. Na ɗaya, ko za a iya sa masa raga, wata 'yar ragar waya ce da ake zurawa da kyamara ta baki a buɗe ta a inda ya tsuke, babu yanka, mutum kan fara shan abu mai ruwa cikin kwana ɗaya zuwa uku, illarta takan sake toshewa, ba kowane asibiti ke da ita ba, tana da tsada, kuma ba kowace matsewa take karɓarta ba. An fi zaɓarta ga wanda jikinsa ba zai ɗauki aiki ba, wanda kuma yake da sauran ƙarfi aikin ya fi ɗorewa. Na biyu, ko za su sa masa siririyar robar ciyarwa a hanji lokacin aikin, don a fara ba shi abinci ta nan ko tumbin bai farka ba.

Ɗan Rima:

Assalamu alaikum. 'Yar uwa labarinki ya tuna min da mahaihina, Allah Shi jiƙan shi. Mu mutanen wajen Goronyo na, bakin ruwa munka tashi, noman rani da su. Muna yara hitsarin jini ba ciwo ba na wurinmu, duk yaron da ba ya yi har dariya akai mai, a ce bai zama namiji ba tukuna. Tsohonmu tun yana yaro shina yi, ya girma ya ɗauke, sai da yak kai wajen shekara hamsin da biyat yad dawo, wannan karon da gudaji-gudaji da wari da wani abu fari kamar tsoka shina hita. Munka ce tsargiya ta, munka yi ta magani shekara guda. Da munka kai shi asibitin koyarwa na Sakkwato anka ce dajin mahitsara na, kuma likita yac ce muna ƙwan tsargiyar da ya daɗe cikin bangon mahitsara shi ka jawo shi, wad ɗin cike da mutanen ƙauyukkan bakin gulbi masu irin shi.

Abin da nika son hwaɗa miki, mu ma anka ce a yi aiki, ƙannen baba sunka ce daji bai son ƙarhe, munka ɗauke shi munka koma gida. Wata huɗu muna yawon masu magani, har shanu biyu sunka tahi. Da munka komo likita yad duba yac ce abin da za a iya yi wancan lokacin yanzu ba ya yiwuwa, ƙodojin duka sun toshe. Har yau in na tuna ranar da nis sa hannu ga takardar sallama ban jin daɗin raina. Ni ɗa na, ban iya musu da iyaye ba, amma da na roƙi likita ya zauna da su da bakinai. Ki yi haka. Kar ki ja da Baffa gaban mutane, ki kai shi wurin babban likita su zauna, tsoho ya hi jin magana daga bakin mai abin.

Ummu Khalil:

Na gode ƙwarai wallahi, Allah Ya saka muku da alheri, Ya jiƙan mahaifinka Malam Ɗan Rima, na yi kuka da na karanta. Anti na duba jakar yau da asuba, ta kusa lita biyu, ruwa kore-kore mai duhu, ni kaina na tsorata. Likita na karanta wa Umma bayaninka har sau biyu, maganar gada da hanyar ratse ma na faɗa wa Baba ya yi shiru yana jinjina kai. Tambayata, to shi ma tsargiyar ce ta jawo masa? Ya taso a wajen Kura yana wanka a ruwan kanal. Kuma ya sha taba sama da shekara talatin, sai da ya dawo Hajji ya bari. Sannan direba ne, kun san su da jiƙe-jiƙen tasha na basir da ciwon baya. Mu 'ya'yansa akwai abin da ya kamata mu yi?

Likitan Tiyata:

Koren da kika gani ruwan matsarmama ne, yana nuna matsewar tana ƙasa da inda matsarmama ke zubowa cikin hanji, ya dace da abin da hoton ya nuna, kar ya firgita ki.

Tsargiya tana jawo daji, abin da Malam Ɗan Rima ya faɗa gaskiya ne, an san haka a Masar tun da daɗewa kuma muna ganinsa a yankunan madatsun ruwa da noman rani a nan Arewa, amma nata yawanci a mafitsara yake zama kuma wani jinsi ne daban a madubin gwaji. Irin na Baba babban abokin tafiyarsa taba ce, kusan rabin masu dajin mafitsara ita ce sila, gubar hayaƙin ƙoda ce take tace ta, ta bi fitsari tana wanke bangon hanyar shekara da shekaru, kuma ko an daina haɗarin raguwa yake a hankali ba ya gushewa lokaci ɗaya. Jiƙe-jiƙe ma akwai abin dubawa. Akwai dangin tsiro da duman dutse yake cikinsu, suna ɗauke da wani sinadari da aka tabbatar yana lalata ƙoda yana kuma jawo daji a daidai wannan bututun, an gano haka ne a Beljiyam a farkon shekarun 1990 lokacin da wasu mata suka sha haɗin ganyen rage ƙiba ƙodojinsu suka mutu, daga baya da yawansu suka kamu da wannan dajin. Mai sayar da jiƙo a tasha ba ya faɗa maka saiwar da ya zuba. Ku daina ba shi kowane iri, haka magungunan ciwon jiki irin su dikilofenak da ibufurofen, ƙodarsa ɗaya ba za ta ɗauka ba.

Ku 'ya'ya ba ya yaɗuwa ta cin abinci tare ko wankin kayansa. In dai a danginku an samu masu dajin babban hanji ko na mahaifa tun suna da ƙuruciya, ku faɗa wa likitansa, akwai wani nau'in gado da yake haɗa su da wannan. Ban da haka, duk babban da ya ga jini a fitsari ko sau ɗaya ne, ko babu zafi, ko ya ɗauke da kansa, ya je a yi masa sikanin a leƙa mafitsara. Ɗaukewar nan ita take yaudarar mutane, haka ciwon yake yi, ya zubar ya tsaya ya sake. Maganin tsargiya na firazikwantel yana kashe tsutsa, ba ya taɓa tsiro. Ki faɗa wa yayanku na Fatakwal in yana shan taba.

Maman Zahra:

'Yar uwa ni mahaifiyata aka yi wa irin wannan aikin na ratse, ita nata dajin tumbi ne. Ba ta warke ba, Allah Ya karɓi abarsa bayan wata bakwai, amma wata bakwai ɗin nan a ɗakinta ta yi su ba a gadon asibiti da roba a hanci ba, ta sha furarta, ta ci ɗan tuwo mai laushi, ta ga auren autarta, azumin da ba ta iya ba ta ciyar. Kafin aikin sati biyar tana kallonmu muna cin abinci muna ɓoyewa a bayan labule, wannan shi ne abin da ban taɓa mantawa ba. Ki shirya masu ba da jini tun yanzu, mu leda uku aka nema kuma sai ranar muka shiga neman mutane. In an fara ba shi abinci kar ku biye wa murna ku cika masa ciki, cokali-cokali ne, sau shida sau bakwai a rana, jikin da ya daɗe da yunwa in aka dankara masa abinci lokaci ɗaya gishirin jininsa rikicewa yake, haka suka gargaɗe mu. Kuma ku tambayi Baba shi kansa me yake so, a keɓe, ba a gaban yayansa ba.

Ummu Khalil:

Salam 'yan uwa, ku yi haƙuri kwana goma sha biyu ban leƙo ba. Na bi shawararku, yayanmu ya taho daga Fatakwal, muka roƙi babban likitan ya ba Baffa lokaci, ya zaunar da shi a ofis ya zana masa tumbi da hanji da ƙoda a bayan takarda, ya ɗaga hoton ya nuna masa inda abin ya danne, sannan ya kai shi bakin gado ya nuna masa jakar. Baffa ya daɗe bai ce komai ba, sai ya tambaya wuƙar za ta taɓa ciwon, aka ce a'a, ya ce to a tambayi mai jikin. Maman Zahra na riga na tambaye shi da dare muna mu biyu, ya ce min shi dai yana so ya sha ruwa da bakinsa ya yi alwala ya yi sallah a tsaye. Da kansa ya sa hannu.

Ragar ba a samu ba, aikin aka yi ranar Litinin, an ƙara masa jini leda biyu, sun sa masa robar ciyarwar ma. Kwana biyun farko ruwa ya ci gaba da fita ta hancin har na fara karaya, a na huɗu ya ragu, jiya suka zare ta. Yau da safe na dama masa koko tsararo na ba shi cokali uku, ya riƙe cokalin na huɗu da hannunsa yana rawa ya kai baki, muka zauna ni da Umma muna kallon agogo har azahar bai dawo da shi ba. Sun ce in ya ƙara ƙwari masu hanyar fitsari za su duba ko za a sa wa ƙodar dama bututu ta samu ta sauke, sannan a maimaita gwajin ƙoda kafin a tura mu wajen masu kemo.

Anti Nas dan Allah, tun ɗazu yake min maganar fura da nono, nas ɗin dare ta ce a jira zagayen gobe. In sun yarda, a tace ta ne a ba shi ruwan kawai, ko a fara da kunun gyaɗa tukuna?